Tarihin Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko (1865–1944) da Kafuwar Baitulmali

Gabatarwa

Marigayi Mai Martaba Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko ɗan Durbi Gidado ya yi shekara 37 a kan gadon sarautar Katsina, tun daga ƙarshen shekarar 1906 har zuwa rasuwarsa a shekarar 1944. Shi ne sarki na farko daga gidan Sulluɓawa, gidan da ke riƙe da sarautar har zuwa yau. Akasarin jama'a sun fi saninsa ta wajen zuwansa aikin Hajji, da tafiye-tafiyensa zuwa Ingila, da kuma ƙaunar da yake yi wa dawaki. A wannan shafi kuwa mun fi mayar da hankali ne ga aikin da ya fi taɓa rayuwar talaka, wato kafa Baitulmali, wanda da shi ne aka raba dukiyar jama'a da aljihun mai mulki, aka mayar da ita abin rubutawa, abin lissafi, kuma abin tambaya.

Za mu duba wannan tarihi ne ta fuskar yammacin ƙasar Katsina, musamman Batsari da Safana da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu. Dalilinmu shi ne, wannan yanki ya ɗanɗani rashin zaman lafiya kafin zamanin Dikko, ya farfaɗo a zamaninsa, sannan ya sake shiga irin wannan hali a zamaninmu. Saboda haka manoma da makiyaya, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kowa yana da abin da zai ɗauka a cikin labarin.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865, a lokacin da sarautar Katsina take hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifinsa Gidado shi ne Durbin Katsina. Sarautar Durbi tana daga cikin manyan sarautu huɗu masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Ke nan Dikko ya tashi a gidan mulki, amma bisa al'adar wancan lokaci gidan da ya fito masu naɗa sarki ne, ba a sa ran ɗansu zai hau gadon.

Ya yi karatun allo kamar sauran 'ya'yan manya, ya kuma koyi hawan doki da dabarun yaƙi, domin a wancan zamani basarake ba ya rabuwa da sirdi. Bai daɗe da haura shekara 20 ba aka naɗa shi Durbi. A wannan sarauta ya san yadda ake tattara hatsi da kuɗin ƙasa, da yadda ake tara mayaƙa, da yadda ake zama da talakawa da malamai da fatake. Ya kuma gane wa idonsa yawan abin da ke salwanta a hanya tsakanin gonar manomi da fadar sarki.

Halin da Yammacin Katsina Yake Ciki

Domin a fahimci girman canjin da aka samu a zamanin Dikko, ya kamata mu koma baya kaɗan. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi hijira arewa suka kafa mulki a Maraɗi, daga can kuma suka ci gaba da neman komawa gidansu da ƙarfin yaƙi. Ƙasar Ruma ta faɗo a tsakanin ɓangarorin biyu. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda aka sauke a shekarar 1844, garuruwa da yawa na wannan yanki sun goyi bayan Sarkin Maraɗi Ɗanmari. Da aka murƙushe boren sai aka ƙone garuruwa, aka watsa mutanensu, gonaki suka koma daji. Wani sashe mai yawa na dajin Rugu da muka sani a yau kufai ne na waɗannan garuruwa.

A shekarar 1853 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Daga Zakka, wadda take cikin ƙaramar hukumar Safana a yanzu, sai da ayarinsu ya yi shiri na musamman kafin ya keta dajin zuwa Zurmi, saboda tsoron mahara. Haka abin ya ci gaba a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗanbaskore da waɗanda suka biyo bayansa. Mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, ba a noma sai kusa da gari, ba a zuwa kasuwa sai cikin ayari. Ƙasa ga ta mai albarka, amma talauci ya yi mata katutu, domin wanda bai tabbata zai girbe ba, ba ya faɗaɗa gona. A cikin wannan duniya ce Dikko ya yi ƙuruciyarsa da farkon sarautarsa ta Durbi.

Zuwan Turawa da Hawansa Gadon Sarauta

A ƙarshen watan Maris na shekarar 1903, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga ya iso Katsina. Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Durbi Dikko yana cikin waɗanda aka ɗora wa nauyin kula da bukatun baƙin, kamar abinci da ma'aikata da kayan ginin bariki. Ya yi aikin da himma, ya kuma lura da yadda Turawan ke gudanar da al'amuransu ta hanyar takarda da lissafi. Ta haka ya samu yarda a wurin jami'in Turawa na Katsina, H. R. Palmer.

Ba a cika shekara 2 ba Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar suka naɗa Yero, shi ma daga gidan Dallazawa. A shekarar 1906, shekarar da aka yi yaƙin Satiru a kusa da Sakkwato, suka tuɓe Yero. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ba Dikko riƙon ƙasa, aka kuma tabbatar masa da sarauta a watan Janairu na 1907. Wannan naɗi ya saɓa wa al'adar da aka gada, kuma gidan Dallazawa da magoya bayansu ba su ji daɗinsa ba. Tarihi ya nuna cewa ƙarfin Turawa ne ya ɗora shi. Abin da ya rage gare shi shi ne ya nuna wa Katsinawa, ta hanyar aiki, cewa ya cancanci wurin.

A daidai wannan lokaci, tsakanin 1906 da 1908, aka shata iyaka tsakanin yankin Ingila da na Faransa. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina ta zauna a hannun Ingila. Iyakar ta raba 'yan'uwa da dangi, amma ta zo daidai da ƙarshen hare-haren da aka shafe kusan shekara 100 ana yi. Sannu a hankali mutane suka fara fita daga cikin ganuwa, suna saran daji, suna kafa unguwanni da ƙauyuka a ƙasar Ruma da kewayenta. Makiyaya suka samu sararin kiwo, fatake suka koma bin hanyoyin da aka ƙaurace wa.

Gundumomi da Zaman Hakimai a Ƙasarsu

Kafin wannan zamani, manyan masu sarauta da yawa a birni suke zaune, garuruwan da suke riƙe kuwa a warwatse suke, wani a gabas wani a yamma. Tsakaninsu da talakawa akwai jakadu, waɗanda su ne ke zuwa karɓar kuɗin ƙasa da zakka da jangali da kuɗin karofi da sauransu. Kowane hannu da dukiyar ta bi ta cikinsa sai ya ɗebi rabonsa, ga kuma ɗawainiyar saukar jakada da dokinsa da yaransa, duk a kan mutanen gari.

A farkon mulkin Dikko aka ci gaba da sabon tsarin da Turawa suka kawo, aka tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna suka zama gunduma guda, aka umarci kowane hakimi ya koma ya zauna a cikin ƙasarsa, aka kuma kawar da jakadu. A ƙarƙashin hakimi akwai dagatai, a ƙarƙashinsu akwai masu unguwanni. Daga wannan tsari ne zaman hakimai a hedkwatar gundumominsu ya samo tushe, kamar yadda muka san Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana. Amfaninsa ga talaka shi ne, ya san wanda zai kai wa kuka, kuma a kusa da shi yake. Amfaninsa ga hukuma shi ne, idan abu ya ɓaci a ƙasa an san wanda za a tambaya.

Kafuwar Baitulmali

A Katsina aka fara gwada Baitulmali a duk ƙasar Arewa, a shekarun farko na sarautar Dikko, bisa shawarar Palmer. Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurin malamai, domin tana cikin littattafan fiƙihu da tarihin halifofin Musulunci. Sabon abin shi ne yadda aka aiwatar da ita. A da, kason da ya rage wa sarki daga haraji nasa ne, shi ke ciyarwa, shi ke tufatarwa, shi ke kyauta ga wanda ya ga dama, babu mai tambayarsa. Dikko ya yarda a zuba wannan kaso a asusu guda, a yanka masa albashi kamar yadda za a yanka wa hakimai da alƙalai da malaman ofis da dogarai, abin da ya saura kuma a yi wa jama'a aiki da shi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga basaraken wancan lokaci, wanda ake auna girmansa da yawan kyautarsa. Gwajin ya yi nasara, har zuwa shekarar 1911 Gwamnatin Arewa ta amince a bi wannan tsari a sauran masarautu. Daga nan ne En'e ta samu ƙafafun tsayawa a Kano da Zariya da Sakkwato da Barno da sauran wurare.

Ga yadda tsarin yake aiki. Ana ƙidayar masu biyan haraji da shanun jangali a kowace gunduma, a rubuta. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kawo birni, kowane mataki da takardar shaida. Da farko ana raba kuɗin gida biyu, rabi na Gwamnatin Turawa, rabi na En'e, daga baya aka ƙara kason En'e. Kowace shekara ana tsara kiyasin abin da zai shigo da abin da za a kashe, ba a fitar da ko kwabo sai da izini a rubuce, kuma ana binciken littattafai. A Katsina mai kula da wannan taska shi ne Mutawalli. Malam Umaru, kakan marigayi Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya riƙe wannan sarauta, ɗansa Musa ya gaje shi, jikan ma ya riƙe ta a zamaninsa.

Sanya alƙalai a kan albashi shi ma ya taɓa talaka kai tsaye. Kuɗin tara da na shari'a suka koma shiga Baitulmali, abincin alƙali bai dogara da yawan tarar da ya ci mutane ba.

Ayyukan da Aka Yi wa Jama'a

Da kuɗi suka fara taruwa a wuri guda, sai ya yiwu a tsara ayyukan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya ko gari ɗaya. En'e ta Katsina ta kafa sassa na ayyuka da lafiya da ilimi da gona da daji da dabbobi, kowanne da malamansa. Aka share hanyoyin mota da suka haɗa birni da hedkwatar gundumomi. Aka gina asibiti a birni, aka fara buɗe ɗakunan shan magani a wasu gundumomi. A shekarun 1930 aka shiga haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyuka, waɗanda ba sa ruftawa da damina kamar rijiyoyin gargajiya. A ƙarshen waɗannan shekaru, da amincewar sarki, aka danƙa wa likitocin mishan kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, wurin da duk mai bin hanyar Batsari daga birnin Katsina ya sani.

Ta fannin dabbobi, ciwon bushiya ya sha ƙarar da garkunan Fulani, musamman a ƙarshen ƙarni na 19. Daga shekarun 1920 aka fara yi wa shanu allurar rigakafi a sansanoni. Wannan ya nuna wa makiyayi cewa jangalin da yake biya yana iya dawo masa ta wata hanya. Ta fannin noma, jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sannan a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, auduga ta samu hanyar fita. An kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka kuma fara ba manoma rancen shanun huɗa da garma, su biya sannu a hankali. Shi kansa sarki babban manomi ne, ya kan gwada sabon abu a gonarsa kafin ya umarci talakawa da shi.

Ilimi

A lokacin da iyaye da yawa ke gudun makarantar boko, Dikko ya sa 'ya'yansa da 'ya'yan hakimansa a ciki, domin ya san Baitulmali da kotu da asibiti ba za su tafi ba sai da 'yan ƙasa masu iya rubutu da lissafi. A shekarar 1921 Kwalejin Horon Malamai ta Katsina ta fara aiki, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta akwai Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sir Kashim Ibrahim, da Alhaji Abubakar Imam. A shekarar 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin nata a birnin Katsina ya zama gidan adana kayan tarihi.

Haka kuma, a wajejen 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da goyon bayan sarki. Ita da ta Kano su ne na farko a masarautun Arewa. Sai dai yawancin waɗannan makarantu a birni suke, kuma 'ya'yan masu sarauta da ma'aikata suka fi cin moriyarsu. Yaron da aka haifa a Wagini ko Runka a wancan lokaci, da wuya ya taɓa ganin allon makarantar boko.

Aikin Hajji da Tafiye-tafiye

A shekarar 1921 Dikko ya tafi aikin Hajji yana kan gadon sarauta, abin da sarakunan Arewa na zamaninsa ba su saba yi ba. Ya bi ta teku, ya ratsa ta Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar. Ya sake komawa Ingila a shekarar 1924 lokacin babban baje kolin Wembley, da kuma shekarar 1933 da wasu lokuta bayan haka. A waɗannan tafiye-tafiye ya ziyarci gonaki da masana'antu da wuraren kiwon dawaki, ya dawo da sha'awar inganta noma da kiwo. A zamaninsa ne wasan ƙwallon dawaki ya kafu a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi fice a wasan. Turawa sun ba shi lambar girmamawa ta C.B.E.

Nauyin da Talaka Ya Ɗauka

Adalci ga tarihi ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Baitulmali ya tsare kuɗi daga salwanta, amma kuɗin daga gumin manomi suke fitowa, kuma tsarin mulkin mallaka bai ba manomin bakin magana a kan yadda za a kashe su ba. Haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa a maimakon wuri da hatsi. Lokacin biyansa yakan faɗo daidai da kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha, sai manomi ya sayar da abin da zai ci da bazara, ya dawo yana saye da tsada ko yana cin bashi. An kuma yi zamanin awon gona da taki, wanda ya buɗe ƙofar cuta a hannun wasu malaman awo, har aka yi watsi da shi.

A shekarar 1913 ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai, aka shiga yunwar 1914 wadda aka fi sani da Kakalaba. Mutane masu yawa suka rasu a arewacin ƙasar Hausa, wasu suka yi ƙaura zuwa kudu. Agajin da hukuma ta kawo ya yi kaɗan, ya kuma makara. Aka sake yin yunwa a 1927, fara ta yi ɓarna a farkon shekarun 1930, a daidai lokacin da farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas a kasuwannin duniya, alhali haraji bai sauka daidai da faɗuwar ba. Rarar kuɗin da En'e-En'e suka tara kuwa, kaso mai yawa a Ingila aka ajiye shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, a shekarun da ake fama da yunwar da Katsinawa ke kira 'Yar Gusau.

Bugu da ƙari, sarki ya naɗa 'ya'yansa da danginsa a gundumomi da manyan muƙamai da dama, abin da ya ƙarfafa gidansa, ya kuma rage wa wasu tsofaffin gidaje ƙarfi. Birni ya fi karkara samun ayyuka, ko da yake karkara ce ke biyan mafi yawan haraji. Wasu daga cikin waɗannan al'amura hukuncinsu yana hannun Turawa, ba a hannun sarki ba, amma da sunan En'e aka aiwatar da su, kuma su ne suka zama abin kukan 'yan siyasar NEPU a shekarun 1950.

Ƙarshen Rayuwarsa

A shekarar 1934 Katsina ta zama lardi mai zaman kansa, bayan ta zauna a ƙarƙashin Kano sannan Zariya. A shekarun ƙarshe na rayuwarsa sarki ya riƙa jawo ɗansa Usman Nagogo cikin harkokin mulki. Nagogo ya shugabanci 'yan doka tun daga 1929, aka naɗa shi Magajin Gari a 1937. Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Dikko rasuwa a shekarar 1944 yana da shekara 79 a duniya. Usman Nagogo ya gaje shi har zuwa 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har zuwa 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, ya rubuta littafi a kan rayuwarsa, kuma babban filin wasa na birnin Katsina yana ɗauke da sunansa.

Abin da Tarihinsa Ke Nuna Mana a Yau

Abubuwa da yawa sun canza. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta hau mulki a 1979, ta soke haraji da jangali. An ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba 1987, kuma tana da ƙananan hukumomi 34. Mafi yawan kuɗin da Batsari da Safana ke samu a yanzu daga asusun tarayya suke zuwa. Wannan ya sauke wa talaka nauyi, amma ya sa mutane da yawa suna ganin kuɗin hukuma kamar ba nasu ba ne. Alhali nasu ne, kuma haƙƙinsu ne su san nawa ya shigo, me aka yi da shi.

Ƙa'idar da aka kafa Baitulmali a kanta ita ce dai ake ta komawa gare ta. Tsarin asusun bai ɗaya da Gwamnatin Tarayya ta tilasta a 2015, da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, duk manufarsu ɗaya ce da abin da aka fara a Katsina fiye da shekara 100 da suka wuce: kuɗin jama'a su shiga wuri sananne, su fita da izini a rubuce. Abin da zamanin Dikko ya rasa, wato bakin maganar mai biya, shi ne tsarin mulkinmu ya ba mu ta hanyar zaɓen shugabanni da kansiloli. Ya rage ga ma'aji da akanta da shugaban ƙaramar hukuma su buɗe littafi, ya rage ga mutanen gari su tambayi inda aka kwana a kan rijiyarsu da ɗakin shan maganinsu da rufin makarantarsu.

Haka nan tarihin ƙasar Ruma ya nuna mana cewa duk waɗannan ayyuka a kan zaman lafiya suke tsayawa. A shekarun 1960 an keɓe makiyayar Ruma da Kukar Jangarai domin makiyaya su samu ruwa da ciyawa da magani, amma da kulawa ta yi rauni sai amfaninta ya ragu. Daga shekarun 2010 satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi yankin. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙaramar hukumar Batsari. Ƙauyuka da yawa suka watse, gonakin rogo da gero da dawa suka zauna ba nomawa, makarantu da asibitoci suka rasa ma'aikata. A shekarar 2023 an kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Safana. Kakanninmu sun ga wannan ƙasa ta zama kufai, sun kuma ga ta sake cika da mutane a zamanin Dikko, sa'ad da hanya ta yi aminci, hakimi ya zauna a ƙasarsa, dukiyar jama'a ta shiga littafi. Wannan shi ne gadon da ya bar mana, kuma kiyaye shi yana wuyan duk wanda aka danƙa wa amanar jama'a, tun daga mai unguwa har zuwa sama.

Muna roƙon Allah ya jiƙan Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri a kan ayyukansa nagari. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.